Taskwarrior a Hannun Mai Rubuta Manhaja: Abin da Take Iyawa da Inda Ta Tsaya

Duk wanda sana'arsa rubuta manhaja ce ya san cewa wani babban kaso na wahalar aikin yana cikin riƙe lissafin abubuwan da ba a gama ba. Kana tsakiyar gyara wata tangarɗa sai ka hango wata a gefenta, kana shirin fitar da sabuwar siga sai ka tuna da gwajin da ka tsallake makonni biyu da suka wuce, can kuma ga saƙon wani mai amfani da manhajar da amsarsa za ta ci rabin yini. Abin da ba a rubuta shi nan take ba ya tafi ke nan, sai ranar da ya dawo da matsala ninki biyu. Yawancin manhajojin tsara ayyuka kuwa a cikin burauza suke, don haka kafin mutum ya rubuta layi ɗaya sai ya bar tagar umarnin da yake aiki a ciki, ya ɗauki linzami, ya jira shafi ya buɗe, ya cike gurabe huɗu ko biyar, kafin ya dawo kuma zaren tunaninsa ya tsinke. Wannan tsinkewar ce ta sa na koma ga Taskwarrior, manhajar tsara ayyuka da ake sarrafawa ta hanyar buga umarni a rubuce, na kuma shafe fiye da shekara biyu ina tafiyar da ayyukana da ita. Abin da na gano shi ne, a matsayin ma'ajiyar tunanin mutum ɗaya da ke zaune a layin umarni, da wuya a sami wadda ta fi ta, amma wanda ya ɗora mata nauyin tafiyar da tawaga ya ɗora mata kayan da ba nata ba.

Paul Beckingham ne ya fara rubuta ta a 2006 da harshen C++, kuma har yau a buɗe take ga kowa, kyauta, a ƙarƙashin lasisin MIT. Masu kula da ita suna aiki ne da sunan Gothenburg Bit Factory. Tana aiki a Linux da macOS da dangin BSD, a Windows kuwa hanyar da aka fi bi ita ce ta WSL, wato tsarin da ke tafiyar da Linux a cikin Windows. Shigar da ita ba ya ɗaukar lokaci, sai dai akwai wurare biyu da sabon shiga zai iya ruɗewa. A Debian da Ubuntu, waɗanda nau'o'in Linux ne, sunan kunshin `taskwarrior` ne, a Fedora da Arch da Homebrew kuma `task` kawai ake cewa, sannan akwai wata manhaja daban da aka rubuta da harshen Go, mai gudanar da umarnin gina manhaja, wadda ita ma da kalmar `task` ake kiranta, alhali babu abin da ya haɗa su. Ruɗani na biyu ya fi wannan nauyi, domin Debian 12 tana ɗauke da siga ta 2.6.2 yayin da wasu tsarukan suka daɗe da komawa zuriyar 3, wato siga ta 3.0 da waɗanda suka biyo ta, kuma waɗannan biyun ba iri ɗaya suke ajiye bayanai ba. Zan dawo kan wannan batu a gaba, amma ya kamata mutum ya buga `task --version` a kowace kwamfutar da zai yi aiki da ita tun kafin ya zuba ayyukansa.

Shigar da aiki layi ɗaya ne, kuma a nan ne manhajar ta fara sace zuciyata. Idan na hango matsala ina tsakiyar wani abu, sai in buga kamar haka:

`task add "Gyara ɓacewar zaman mai amfani bayan minti goma" project:rajista.saba +kwaro priority:H due:friday`

Daƙiƙa biyar sun isa, hannuna bai bar madannai ba, na koma kan abin da nake yi. Abin da ke bayan `project:` shi ne sunan babban aikin, ɗigon da ke tsakiya kuma yana raba shi rassa, ta yadda `rajista.saba` da `rajista.fuska` duk suna ƙarƙashin `rajista`, a nemi uwar a ga 'ya'yan gaba ɗaya. Kalmar da aka sa wa alamar tarawa laƙabi ce, mutum yana iya liƙa guda nawa ya ga dama. Wajen kwanan wata ba a tilasta maka rubuta lambobi, tana gane `tomorrow` da `eow` da `eom`, wato gobe da ƙarshen mako da ƙarshen wata, tana kuma yin lissafi irin `due:eom-2d` don kwana biyu kafin wata ya ƙare. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, suna shiga lafiya suna fita lafiya. Abin da mai rubutu da Hausa zai kiyaye shi ne alamar ɗauri da ke cikin kalmomi irin su ma'aikaci da sana'a, domin Bash da Zsh, shirye-shiryen da ke karanta abin da aka buga a layin umarni, suna ɗaukarta a matsayin buɗe zance, sai layin ya tsaya yana jiran a rufe. Maganin shi ne a saka bayanin aikin cikin alamun zance masu tagwaye a kowane lokaci, har abin ya zama jiki.

Da a nan ta tsaya, da ba ta wuce fayil ɗin rubutu mai ɗan ado ba. Zuciyar Taskwarrior ita ce makin gaggawa, wanda take lissafa wa kowane aiki da kanta, ta jera ayyukan bisa shi a duk lokacin da aka buga `task` shi kaɗai. Lissafin a fili yake, tarawa ce kawai ta wasu lambobi da kowa zai iya gani ya kuma sauya. Aikin da aka liƙa wa laƙabin `next` yana samun maki 15, wa'adi yana iya kaiwa 12, aikin da ya tare wa wasu hanya yana samun 8, fifiko babba 6, matsakaici 3.9, ƙarami 1.8, aikin da ranar fara shi ta yi yana samun 5, wanda aka riga aka soma 4, kasancewa cikin wani babban aiki kuma 1. A ɗaya ɓangaren, aikin da ke jiran a gama wani kafin a taɓa shi ana rage masa 5, wanda aka jingine zuwa wata rana ana rage masa 3. Umarnin `task 7 info`, inda 7 ita ce lambar aikin a jerin, yana baje wannan lissafi dalla-dalla a ƙasan bayanan aikin, ta yadda ba za ka taɓa zama kana mamakin dalilin da ya sa wani abu ya hau sama ba. Na ɗauki wannan a matsayin girmamawa ga mai amfani, domin manhajojin da ke jera maka ayyuka bisa wata dabara ɓoyayya suna neman ka yarda da su ne ido rufe.

Yadda ake auna wa'adi ya cancanci a tsaya a kansa, saboda a nan aka fi nuna an fahimci yadda aiki yake tafiya. Makin 12 ba ya faɗowa gaba ɗaya. Idan saura kwana 14 ko fiye, aikin yana samun kashi ɗaya cikin biyar ne kawai, wato 2.4, daga nan makin ya riƙa hawa a hankali tsawon kwana 21, sai wa'adin ya wuce da kwana 7 sannan ya cika 12. A daidai lokacin da wa'adin ya cika, makin yana wajen 8.8. Mu ɗauki ayyuka biyu sababbi a cikin babban aiki ɗaya. Na farko rubuta bayanin sabuwar siga ne, wa'adinsa ya cika yanzu, makinsa 9.8 ke nan idan aka haɗa da makin babban aikin. Na biyu gyaran tsarin rumbun bayanai ne, ba shi da wa'adi ko kaɗan, amma akwai wasu ayyuka da ba za su yiwu ba sai an gama shi, makinsa 9.0. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai maki ɗaya ba, kuma da zarar an ba na biyun fifiko matsakaici ya koma 12.9 ya haye sama. Wanda ya taɓa jagorantar ginin manhaja ya san wannan hukunci daidai ne, domin aikin da ya toshe hanya, ko da babu mai ƙorafi a kansa yau, shi ne yake jawo jinkirin da za a ji a jiki bayan wata guda.

Wannan ya kawo mu ga dogaron ayyuka a kan juna, wanda ake rubutawa da `depends:`. Idan aiki na 12 ba zai yiwu ba sai an gama na 9, sai a buga `task 12 modify depends:9`, nan take na 9 ya ƙaru da maki 8, na 12 ya ragu da 5. Rahoton `task blocking` yana nuna masu tare hanya, `task blocked` yana nuna waɗanda aka tare, `task ready` kuma yana nuna abin da za a iya kamawa yanzu ba tare da jiran komai ba. Ranar da ka gama na 9, manhajar za ta sanar da kai cewa an buɗe wa na 12 hanya. Ba ta yarda a ƙulla zobe, wato wannan ya dogara da wancan, wancan kuma ya dawo ya dogara da wannan. Sai dai ba ta da tsarin ƙananan ayyuka a cikin babba irin wanda aka saba gani a wasu manhajojin, inda ake buɗe aiki a ga matakansa jere a ƙarƙashinsa. Dole mutum ya kwaikwayi hakan da rassan babban aiki ko da sarƙar dogaro, kuma idan matakan sun kai goma, ƙulla su ɗaya bayan ɗaya yana gajiyarwa, ba ta kuma zana maka taswirar sarƙar don ka gan ta a dunƙule.

Lissafin gaggawar yana da raunin da ya kamata a faɗa. Tsufan aiki maki 2 kacal yake kawowa, su ma sai ya shekara, domin an shimfiɗa su ne a kan kwana 365. Ma'anar haka ita ce aikin da ba shi da wa'adi, ba shi da fifiko, bai kuma tare wa kowa hanya ba, zai nutse a ƙasan jerin har abada, alhali a ginin manhaja irin waɗannan su ne gyare-gyaren tsafta da sabunta laburaren da aka jingina da su, waɗanda sakaci da su ke zama bashi mai nauyi. Manhajar ba za ta tono maka su ba, sai ka ware lokaci duk mako ka buga `task oldest` ka duba da idonka. Rauni na biyu daga ɗabi'ar ɗan Adam yake fitowa. Tun da kowane wa'adi yana kawo aƙalla 2.4, mutum yana shiga jarabar ƙirƙirar wa'adin da babu wanda ya gindaya masa don kawai aiki ya matso sama, bayan 'yan makonni sai jerin ya cika da ayyukan da wa'adinsu ya wuce, makin kuma ya daina bambance komai. Hanyar da na ga ta fi ita ce a bar `due:` ga wa'adin gaskiya, irin ranar da takardar shaidar tsaron shafi za ta ƙare ko ranar da aka yi alkawarin miƙa aiki, a yi amfani da `scheduled:` ga ranar da ake son farawa, da `wait:` ga abin da ba a son gani sam sai lokacinsa ya yi. Wannan na ƙarshen ni'ima ce babba. Aikin da aka sa wa `wait:eom` yana ɓacewa daga ido har ƙarshen wata, sannan ya dawo da kansa, kuma jerin da ke da abu goma sha biyu ya fi amfani nesa ba kusa ba a kan wanda ke da ɗari biyu.

Ga mai riƙe da manyan ayyuka da yawa lokaci guda, akwai abin da ake kira `context`, wato matata da ake kafawa sau ɗaya ta ci gaba da aiki har a cire ta. Bayan an buga `task context define rajista project:rajista` sannan `task context rajista`, duk rahoton da aka nema na wannan aikin kaɗai zai nuna, kuma tun daga siga ta 2.6.0 da ta fito a 2021, sabon aikin da aka shigar yana iya ɗaukar sunan babban aikin da kansa. Wanda yake son rabuwa ta gaba ɗaya yana iya nuna wa manhajar wata ma'ajiya daban ta hanyar `TASKDATA`, kowane babban aiki da rumbunsa. Na gwada hanyoyin biyu, na kuma zauna a kan ta farko, domin raba rumbuna yana kashe amfanin makin gaggawa, tun da ba za a iya auna aikin wannan rumbu da na wancan a ma'auni ɗaya ba, alhali sa'o'in yinin da za a raba musu guda ne.

Harshen tacewa yana da ƙarfi ƙwarai. Ana iya haɗa sharuɗɗa da `and` da `or`, a cire laƙabi da alamar ragewa, a nemi abin da aka gama bayan wata rana, akwai kuma laƙubban da manhajar ke liƙawa da kanta irin su `+OVERDUE` da `+BLOCKED` da `+TODAY`. Wani abu da ya kamata a sani shi ne `project:raj` yana kamo duk sunan da ya fara da waɗannan haruffa, wanda yake son suna guda tak sai ya rubuta `project.is:`. Ana kuma iya gina rahoto na kai a fayil ɗin `.taskrc`, inda ake ajiye saitunan manhajar, a zaɓi ginshiƙai da tsarin jerawa. Rahoton `task summary` yana nuna kowane babban aiki da adadin abin da ya rage da kason da aka kammala, `task burndown.weekly` kuma yana zana jadawalin yadda ayyuka ke taruwa da yadda ake sauke su mako-mako. Jadawalin yana da kyan gani, amma ban ba shi nauyi sosai ba, saboda ƙirga ayyuka yake yi ɗaya-ɗaya, gyaran harafi guda da sake gina rumbun bayanai duk ɗaya ne a wurinsa. Ana iya ƙara gurbin kiyasin lokaci ta hanyar gurabun da mai amfani ke ƙirƙira wa kansa, waɗanda ke karɓar rubutu ko lamba ko kwanan wata ko tsawon lokaci, sai dai jadawalin ba zai yi lissafi da su ba.

Akwai wata ɗabi'a ta manhajar da ta fi kowace kama sababbin shiga, ita ce sauyawar lambobin ayyuka. Ƙaramar lambar da ke gefen kowane aiki ta wucin gadi ce. Idan aka gama na 3, da zarar an sake neman rahoto sai a sake rabon lambobi, wanda yake na 4 ɗazu ya koma na 3. Hikimar ita ce lambobin su zauna ƙanana masu sauƙin bugawa, kuma na yarda da wannan hikima, amma wanda ya buɗe tagogi biyu, ya nemi rahoto a ɗaya, sannan ya koma ɗayar ya yi aiki da tsohon jerin da ke gabansa, zai iya rufe aikin da bai yi niyya ba. Kowane aiki yana da wata doguwar lamba ta dindindin mai haruffa 36, kuma takwas na farko sun isa a kira shi da su, don haka ita ce ya kamata a rubuta a saƙon ajiya na Git, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen aiki, ko a cikin kowane ɗan shirin da zai taɓa ayyukan. Manhajar tana da shinge masu kyau a wannan fanni. Idan umarni zai sauya ayyuka uku ko fiye tana tambaya kafin ta aikata, idan aka manta da matata gaba ɗaya tana gargaɗin cewa komai za ta taɓa, `task undo` kuma yana mayar da sauyin ƙarshe bayan ya nuna maka abin da zai warware.

Ayyuka masu maimaituwa su ne sashen da ya fi rauni a ganina. Ana rubuta `recur:weekly` tare da wa'adi, sai manhajar ta ajiye wani ɓoyayyen uba da ke haifar da 'ya'ya lokaci bayan lokaci. Bisa kalanda kawai yake tafiya, ba shi da hanyar cewa a maimaita kwana goma bayan an gama na baya, kuma idan mutum ya yi hutun makonni uku zai dawo ya tarar da kwafi uku suna jiransa. Wanda ke aiki da kwamfuta fiye da ɗaya kuma sai ya kashe maimaitawa a dukkansu ban da guda, in ba haka ba kowace ta haifi nata kwafin.

Batun tawaga shi ne inda nake so mai karatu ya fi sauraro, domin a nan ne na ga mutane suna ɓata lokaci. Taskwarrior ba ta da gurbin wanda aka ɗora wa aiki, ba ta da zauren tattaunawa a ƙarƙashin aiki, ba ta aika sanarwa, ba ta bambance mai izinin gani da mai izinin gyarawa, ba ta kuma karɓar hoto ko fayil. Abin da take da shi shi ne `task annotate`, gajeren bayani mai ɗauke da kwanan wata, wanda ya dace da ajiye adireshin shafi ko dalilin da ya sa aka dakata. Ana iya ƙirƙirar gurbin mai aiki da hannu, a haɗa mutum huɗu a rumbu guda, amma abin da za a samu bai kai rabin abin da sashen ƙorafe-ƙorafe na GitHub ko GitLab, shafukan da tawagogi ke haɗa aikin manhaja a kansu, ke bayarwa ba. Tsarin da ya yi mini aiki shi ne barin maganar tawaga a inda tawaga take, sannan in jawo rabona zuwa gida da Bugwarrior, wata manhaja da aka rubuta da Python wadda ke ɗebo ayyuka daga GitHub da GitLab da Jira da Bugzilla da wasunsu ta zuba su cikin Taskwarrior. Hanya ɗaya take bi, daga can zuwa nan, don haka rufe aiki a kwamfutarka ba ya rufe shi a idon abokan aiki. Da farko na ɗauki hakan a matsayin gibi, daga baya na fahimci cewa kariya ce, domin jerina nawa ne, ina iya sauya fifiko da laƙabi yadda na ga dama ba tare da na dagula wa kowa lissafi ba.

Wajen haɗuwa da sauran kayan aikin layin umarni kuwa, ba ni da abin cewa sai yabo. Umarnin `task export` yana fitar da komai a tsarin JSON, rubutu mai tsari da shirye-shirye ke iya karantawa, wanda za a iya miƙa wa manhajar tacewa ta `jq` ko kowane harshen shirye-shirye a tace shi yadda ake so, `task import` kuma yana mayarwa. Akwai ƙugiyoyi huɗu da ake rataya ƙananan shirye-shirye a kansu, ɗaya lokacin tashi, ɗaya lokacin shigar da aiki, ɗaya lokacin sauya shi, ɗaya lokacin fita, kuma shirin da aka rataya yana iya gyara aikin ko ya ƙi karɓarsa gaba ɗaya. Da layuka kaɗan na rubuta wanda ke ƙin duk aikin da na shigar ba tare da sunan babban aikinsa ba, wannan kaɗai ya tsaftace jerina fiye da kowace niyya da na taɓa ɗaurawa. Ta wannan hanya ce kuma ake haɗa ta da 'yar'uwarta Timewarrior, mai ƙirga lokacin da aka ɗauka a kan aiki, ta yadda `task 5 start` zai kunna agogo, `task 5 stop` ya tsayar da shi, a ƙarshen mako mutum ya ga inda sa'o'insa suka tafi. Wanda yake son yawo cikin jerin da maɓallan kibiya yana iya ɗora taskwarrior-tui ko vit a kai.

Siga ta 3.0 da ta fito a watan Maris na 2024 ita ce sauyi mafi girma a tarihin manhajar, kuma ra'ayina a kanta ya rabu biyu. A zuriyar 2, ayyuka suna zaune ne cikin fayilolin rubutu irin su `pending.data` da `completed.data`, waɗanda mutum zai iya buɗewa ya karanta, ya kuma ajiye su a Git idan ya so. Daidaita bayanai tsakanin kwamfutoci kuwa sai an kafa uwar garke, wato cibiyar da sauran kwamfutoci ke haɗuwa da ita, mai suna Taskserver, wadda shirya takardun shaidar tsaronta ya kori mutane da yawa tun daga bakin ƙofa. A zuriyar 3 an mayar da ajiya hannun TaskChampion, laburaren da Dustin Mitchell ya rubuta da harshen Rust, bayanan kuma suka koma rumbun SQLite guda. Daidaitawa ta yi sauƙi sosai, ana kulle bayanan da kalmar sirri tun a kwamfutarka kafin su fita, ta yadda uwar garken ba ta iya karanta su, kuma ana iya amfani da ma'ajiyar gajimare maimakon kafa uwar garke. Wannan ci gaba ne na gaske. Abin da aka rasa shi ne sauƙin fayil ɗin rubutu, sabuwar sigar ba ta magana da Taskserver, ba a kuma so a riƙa kwafar rumbun tsakanin kwamfutoci da manhajojin daidaita fayiloli. Wanda zai ƙaura daga 2 zuwa 3 ya fitar da ayyukansa da `task export` tun tsohuwar sigar tana nan, ya ajiye kwafin a gefe, sannan ya sabunta ya shigo da su, ya kuma tabbatar cewa ƙananan manhajojin da ya ɗora a kai sun san sabon tsarin, domin duk wadda ke karanta tsoffin fayilolin kai tsaye ba za ta ga komai ba.

Wanda ayyukansa ba su wuce ashirin ba, ba su kuma sarƙe da juna ba, tsarin todo.txt da Gina Trapani ta fito da shi a 2006 ya ishe shi, fayil guda ne, babu abin koyo. Wanda ba ya zama a tagar umarni, ko yake son komai a wayarsa da taɓawa ɗaya, zai sha wahala a nan ba tare da riba ba, domin manhajojin waya da ke akwai na wasu ne daban, ba na masu ita ba. Taskwarrior ta mai rubuta manhaja ce ko mai kula da uwayen garke, wanda yininsa ke ƙarewa tsakanin Git da editan rubutu, yana jan manyan ayyuka uku ko huɗu masu dogaro da juna, yana kuma son abin da zai gaya masa da safe inda ya kamata ya fara, da hujjar da zai iya dubawa. Ga irin wannan mutum ina ba da shawararta ba tare da jinkiri ba, da sharaɗin kada ya taɓa `.taskrc` a makonni biyun farko. Ya tsaya kan `add` da `done` da `modify` da `project:` da `depends:` da `wait:`, ya bar makin gaggawa yadda ya zo, ya lura da wuraren da jerin ya saɓa wa hukuncinsa, sannan ya sauya lamba ɗaya a lokaci guda. Ni a cikin shekara biyu lambobi biyu kawai na taɓa, na ɗaga makin tsufa daga 2 zuwa 4 domin gyare-gyaren da aka jingine su riƙa leƙowa, na kuma ba laƙabin `kwaro`, wanda nake liƙa wa tangarɗar manhaja, ƙarin maki 3.